Ciwon Dajin Baki: Abin Da Likita Ke Dubawa A Gefen Ƙari

Duk manomin da ya taɓa fama da aya-aya ya san halinta. A nome ta tas, bayan kwana kaɗan ta sake tsirowa, domin ta bar 'ya'yanta cikin ƙasa nesa da gindin. Akwai ciwon dajin baki mai irin wannan hali, akwai kuma wanda ke zama wuri ɗaya kamar dankali.

Ciwon yakan fara da ɗan gyambo a gefen harshe, ko dasashi, ko cikin kunci. Sau da yawa ba ya zafi da farko. Shi ya sa mutum a Tsiga zai yi ta kurkure baki da ruwan gishiri har damina ta wuce. Masu shan sigari da masu zuba garin taba a leɓe da mashaya giya, su ya fi kamawa.

Idan likita a babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ya yi zargin ciwon, yakan tura mutum babban wuri kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Can za a ɗebi 'yar tsoka a gwada. In aka yi aiki aka cire ƙarin, sai a yanka shi siri-siri a duba da madubin likita. Abin da aka fi zuba wa ido shi ne gefensa, inda ya haɗu da lafiyayyen nama.

A shekarar 2005 Dokta Margaret Brandwein-Gensler da abokan aikinta a birnin New York na Amurka suka kasa wannan gefe kashi 5. Na 1 yana tura nama gaba ɗaya, iyakarsa a fili. Na 2 yana miƙa yatsu. Na 3 yana ɓallewa gungu-gungu. Na 4 gungun ƙanana ne, ƙwayoyin halitta 15 ko ƙasa da haka. Na 5 shi ne aya-ayar: 'ya'yansa sun yi nisan milimita 1 ko fiye daga uwar ƙarin. Milimita ɗaya ba ta kai ƙwayar dawa ba, amma ta isa wuƙa ta bar wani abu a baya. Irin wannan ya fi saurin dawowa bayan aiki, ya fi kuma tsallakawa zuwa kaluluwar wuya.

Likita yana kuma duba ko ciwon ya bi jijiya, da zurfin da ya nutse. Tun 2017 aka sa zurfi cikin ma'aunin matakin ciwon: wanda ya wuce milimita 5 ya hau mataki, wanda ya wuce 10 ya ƙara hawa.

To, ga amfanin sanin wannan. Mutum biyu na iya zuwa da gyambo girma ɗaya, a sallami ɗaya bayan aiki, ɗayan a ce sai an cire kaluluwar wuya ko an yi masa gashi da na'ura. 'Yan'uwa sukan ce neman kuɗi ne, su kwashe majinyaci zuwa gida. Kuskure ne babba: takardar gwajin ce ta raba su. A adana ta, a riƙa zuwa da ita duk ranar da aka ce a koma, musamman shekaru 2 na farko, lokacin da ciwon ya fi dawowa.

Gyambon baki da ya kai mako 3 bai warke ba, ko farin tabo da ba ya gogewa, a kai shi asibiti tun kafin ya yi saiwa.