Yadda ake gano ƙwayar cutar sankarar bakin mahaifa

Sankarar bakin mahaifa tana samo asali daga ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka wajen saduwa. Idan ta daɗe a jikin mace, takan fitar da sinadarai biyu, E6 da E7, masu sa nama ya yi ta tsiro babu tsayawa.

Masana sun haɗa garkuwa irin ta jikin mutum, mai kama E6. Ana shafo ruwan bakin mahaifa, a sarrafa shi, a ɗiga kan tsinken gwaji. In akwai E6, sai layi ya fito, kamar a gwajin zazzaɓin sauro.

Sankarar takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta bayyana. Don haka, mace ta soma zuwa awo tun tana shekara 30, ko ba ta jin ciwo.