Tsohuwar Fijo da Nadamar Rabuwa da Ita a Ƙasar Mayahi da Tasawa

Nadamar sayar da tsohuwar mota abu ne sananne a tsakanin tsofaffin direbobi, 'yan fansho da 'ya'yan alhazai a kudancin Nijar da arewacin Najeriya. A Turai da Amurka, motocin tsere da na ƙawa ne suka fi jawo irin wannan shaƙuwa. A jihar Maraɗi kuwa, motar da ta fi kama zukata ita ce Peugeot, wadda aka fi sani da Fijo, musamman samfurin 404 da 504. A garuruwa irin su Tasawa da Mayahi, da ƙauyuka irin su Attantane, waɗannan motoci sun yi shekaru suna ɗaukar mutane da amfanin gona, sannan suka soma ɓacewa daga tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Tushen nadamar shi ne cewa kuɗin da ake biya a ranar ciniki kuɗin ƙarfe ne kawai, alhali abin da ya bar gidan ya fi ƙarfe.

Asalin motar

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960, sannan ya biyo da 504 a 1968, wadda aka zaɓa gwarzuwar motocin Turai ta 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya na da hannu a zanen jikinsu, kuma shi ne ya tsara 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda a yau ake lissafawa cikin tsofaffin motocin ƙawa masu daraja. A nahiyar Afirka motocin suka yi suna a fagen tsere. 404 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968. 504 ta lashe ta a 1975 a hannun Ove Andersson, sannan mai ƙofa biyun ta sake lashewa a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Gasar ta bi ta cikin laka, ƙura da duwatsu, irin hanyoyin da direban karkara ya sani.

Abin da ya kawo motar ƙofar gidan Bahaushe shi ne masana'antar Peugeot da aka buɗe a Kakuri, Kaduna, a 1975. Gwamnatin soja ta Najeriya a ƙarshen shekarun 1970 ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. An daina ƙera 504 mai ƙofa huɗu a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000.

Yadda ta zauna a ƙasar Maraɗi

Abubuwa uku suka taimaka. Na farko, dangantakar Nijar da Faransa ta sa motocin Faransa suka riga wasu shiga ofisoshi da gidajen 'yan kasuwa. Na biyu, kusanci da Najeriya: ta Ɗan Isa da Jibiya ake shiga Katsina, daga nan Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ke cike da kayan gyara. Na uku, dukiyar da alhazan Maraɗi suka tara daga cinikin gyaɗa, daga baya kuma daga safarar kaya zuwa Najeriya, ta ba su halin zuba jari a sufuri. Masanin nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kan waɗannan alhazai a 1986.

Babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram, ita ce mai kwalta a wancan zamani. Da an sauka daga kanta aka nufi arewa, ƙasar Mayahi da kwarin Gulbin Kaba, sai rairayi da burji. Attantane, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Mayahi, na cikin wuraren da mota ke shan wuya kafin ta isa. Fijo ta dace da wannan ƙasa saboda ƙafafunta na baya ne ke ja, gindinta a ɗage yake, kuma tana haɗiye gargada. Doguwar 504 mai layin kujeru uku ta zama motar haya tsakanin garuruwa, akori-kura kuma ta zama motar ranar kasuwa, mai ɗaukar buhunan hatsi da wake, awaki da fasinja a lokaci guda.

Abin da ke ɗaure zuciyar mai ita

Dalili na farko shi ne tarihi. A ƙauyen da motoci ba su fi a ƙirga da yatsu ba, mota ɗaya ce ke kai mai naƙuda asibiti, ta ɗauko amarya, ta raka maniyyaci, ta kai 'yan gaisuwar mutuwa. Duk wani babban al'amari na gidan da na maƙwabta ya bi ta cikinta. Har sunan mutum kan haɗu da nata, a riƙa kiransa Alhaji mai Fijo ko bayan ya daina tuƙi.

Na biyu shi ne sani. Injin yawancin 504 na kafireto ne, babu kwamfuta a cikinsa. Direban da ya taso daga karen mota ya san kukanta, ya san lokacin da fulogi ya yi datti ko kuloci ya soma zamewa, kuma yana iya tayar da ita a tsakiyar daji da sifana da waya. Wannan ilimi na shekaru a jikin mota ɗaya yake rataye. Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi, kuma haka abin yake a nan: aibin da baƙo zai gani ya gudu, mai ita ya san maganinsa.

Na uku shi ne mutunci. Mai mota a karkara mutum ne da ake zuwa ƙofar gidansa da tsakar dare, ana kuma yi masa addu'a. Motar ce ke ba shi damar yin alheri, kuma da alheri ake samun girma a cikin jama'a.

Abin da ke tilasta sayarwa

Ba kasafai ake sayar da irin wannan mota don an gaji da ita ba. Matsin rayuwa ne kan gaba. Farin 1973 zuwa 1974, na 1984 zuwa 1985, da ƙarancin abinci na 2005 wanda ya yi wa jihar Maraɗi illa sosai, duk lokuta ne da magidanta suka rabu da dabbobi da kadarori don ciyar da iyali. Aurar da 'ya'ya, jinya da kujerar Makka su ma kan kai mutum ga dillali. Akwai kuma gado: mota ba ta rabuwa kamar hatsi, don haka idan maigida ya rasu, sau da yawa sai an sayar da ita a raba kuɗin, ko da akwai ɗan da ransa ke kanta.

Sai sauyin kasuwa. Karyewar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sun sa sababbin motoci da kayan gyara na asali sun fi ƙarfin mutane da yawa. Gwanjon motocin Turai da ake saukewa a Kwatano suka cike gurbin, ƙanana masu shan mai kaɗan. Toyota Hiace da Hilux suka karɓe aikin haya da na daji, manyan motocin safa irin na kamfanin Rimbo suka kwashe fasinjan doguwar tafiya, baburan kabu-kabu kuma suka shiga lungunan da a da sai akori-kura.

Na ƙarshe shi ne mai. Tsofaffin motoci masu shan mai sun daɗe suna rayuwa a kan fetur mai arha da ke tsallakowa daga Najeriya. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, sun girgiza wannan lissafi. Motar da ba ta fitar da kuɗin manta takan koma ƙarƙashin bishiya, daga nan sai 'yan gwangwan su zo taya ta da nauyin ƙarfe.

Me ya sa nadama ke biyo baya

Masana halayyar tattalin arziki sun daɗe da lura da cewa mutum kan ɗaukaka darajar abin da ke hannunsa fiye da yadda kasuwa ke ganinsa. Richard Thaler ya bayyana wannan a 1980, bayan Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin ribar da ta yi daidai da ita. Wannan ya yi bayanin wani ɓangare, amma a ƙasar Mayahi akwai ƙari. Kuɗin mota kan narke cikin watanni, domin buƙatar da ta sa aka sayar ita ce ke cinye shi. Ana gama biki ko jinya, sai mutum ya waiga ya ga babu kuɗi babu mota. Wanda ya sayi wata ta zamani kuma kan tarar da cewa idan ta tsaya, sai an ja ta zuwa Maraɗi ko Kano wurin mai na'ura, kuma saninsa na shekara talatin bai da amfani a kanta. Ciwon yakan ƙaru idan motar ba ta yi nisa ba, yana ganinta ranar kasuwa a hannun wanda ba ya tausayinta.

Duk da haka, ba kowace nadama ce ke nuna an yi kuskure ba. Tunani kan riƙe tafiye-tafiye masu daɗi ya manta da kwanan daji da bashin bakanike. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wani lokaci abin da mutum ke kewa shi ne ƙuruciyarsa da zamanin da kasuwa ke ci. Tsohuwar Fijo ba ta da kariyar da motocin yanzu ke da ita idan an yi haɗari, kuma lodin da ake ɗora mata ya sha jawo asarar rayuka. Magidancin da ya sayar da mota ya ciyar da iyalinsa a shekarar yunwa ya yi abin da ya dace, ko da zuciyarsa ba ta huce ba.

Sakamako ga al'umma

Bayan zuciyar mutum ɗaya, akwai asarar da ta shafi kowa. Makanikan da suka ƙware a kan waɗannan injuna suna tsufa, yaran gareji kuma sun karkata ga babura da motocin Japan. Duk motar da aka daddatsa, kayan gyaranta sun ragu a kasuwa, abin da ke gaggauta mutuwar sauran. A Faransa, motar da ta haura shekara 30 kan iya samun takardar shaidar kayan tarihi, kuma Peugeot na da gidan tarihi a Sochaux tun 1988. A Mayun 2022 an sayar da wata tsohuwar Mercedes-Benz 300 SLR ta 1955 a kan yuro miliyan 135. Ba irin wannan farashi ne ke jiran akori-kurar ƙauye ba, amma yana nuna cewa tsufa kan iya ƙara wa mota daraja idan akwai mai adana ta. A Najeriya ma an adana mota don tarihi: motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas.

Akwai hanyoyin rage nadama da al'umma ta riga ta sani. Fiƙihun Malikiyya ya yarda da iƙala, wato warware ciniki bisa yardar mai saye da mai sayarwa idan ɗayansu ya yi da-na-sani, kuma ana kwaɗaitar da karɓarta. A wajen gado, magada na iya yi wa mota kuɗi su bar wa ɗayansu ya biya sauran rabonsu. Mai sayarwa na iya zaɓar wanda zai riƙe ta da kyau maimakon wanda ya fi taya ta da 'yan jikkuna. Hukumomin gundumomi da ƙungiyoyin direbobi kuma na iya adana ko da mota ɗaya mai lafiya, tare da hotuna da labaran waɗanda suka tuƙa ta, domin tarihin sufurin ƙasar Mayahi da Tasawa a jikin waɗannan motoci da bakin direbobinsu yake, kuma duka biyun suna ƙarewa.