Ɗalibai a Ofishin Duba-gari: Wa Yake Koyar da Wa?

Duk wanda ya leƙa sashen tsabtar muhalli na wata ƙaramar hukuma a Kano ko Katsina a 'yan shekarun nan, zai tarar da benci cike da matasa, kowa riƙe da littafin logbuk. Ɗalibai ne da aka turo sanin makamar aiki a ƙarƙashin SIWES, shirin da hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973 don kada ɗalibi ya gama karatu bai taɓa aikin da hannunsa ba.

An tsara shirin ne domin masana'antu. To, yawancin masaƙu da kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano sun daɗe da rufe ƙofa, alhali kwalejojin kimiyyar lafiya, musamman masu zaman kansu, sai ƙaruwa suke yi. A da, Makarantar Tsabta ta Kano ce ke yaye duba-gari ga kusan dukkan Arewa. Yau da wuya ka sami babban gari babu irinta. Ɗalibai sun yi yawa, gurabe sun yi kaɗan, sakatariyar ƙaramar hukuma kuwa ba ta korar ɗan gari, balle wanda ya zo da takardar kansila.

Aiki dai akwai shi jibge. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 kwashe shara da kula da bayan gida na jama'a da kasuwanni da mahauta. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta kashe sama da mutum 3,000, ta nuna abin da sakaci da rijiya da salga ke jawowa. Ɗalibin da ya bi gogaggen duba-gari gida-gida, ya ga yadda ake auna tazarar masai da rijiya, ya ji yadda ake lallashin mai gida kafin a miƙa masa takardar gargaɗi, ya samu abin da allo ba zai ba shi ba. Ɗalibai mata ma sun fi amfani a nan, domin su ke shiga gidajen kulle inda namiji zai tsaya a zaure.

Matsalar ita ce gogaggun sun yi ƙaranci. Tsofaffi suna ritaya, ba a ɗaukar sababbi, sai ɗalibai su zama cikon gurbi na kyauta. Doka ba ta ba ɗalibi ikon rufe shago ko gurfanar da kowa a kotun tafi-da-gidanka ba. Wannan hurumin jami'i mai rajista ne. Idan jami'i ɗaya ne ke da ɗalibai da yawa kuma babu man babur, sai a koma zaman ofis, a fita ranar Asabar ta ƙarshen wata a ɗauki hoto, a sa hannu a logbuk. Alawus ɗin ma, an daɗe ana biyan naira 2,500 a wata, abin da bai isa kuɗin adaidaita na mako ba.

A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Idan kuɗin ya shigo hannu, shugabanninsu su fara da ɗaukar duba-gari masu rajista, sannan kowace ta ƙayyade yawan ɗaliban da za ta karɓa gwargwadon jami'an da take da su.