Na'urar masu safiyo: abin da ya kamata manoman Gaya da Ajingi su sani

Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, mai reshe zuwa Dutse, mutanen gabashin Kano suka ƙara ganin masu safiyo a gonaki. Za ka ga ɗaya ya kafa na'ura mai ƙafa uku yana leƙawa, wani kuma can nesa riƙe da sanda mai ɗan madubi a kai. Wasu na cewa ma'adinai ake nema, alhali awo kawai ake yi.

Na'urar tana harba siririn haske da ake kira lesa, ya bugi madubin ko bango, ya dawo, kamar yadda murya ke dawowa in ka yi kira cikin rijiya. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka in abu yana nisan mita 150, zuwa da dawowa ba ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Na'urar sai ta lissafa lokacin, ta raba biyu, ta fitar da nisa. Kanta kuma yana juyawa, tana rubuta yawan karkatarsa gefe da sama, ta haka take gane shiyyar da abin yake. Wasu daga irin waɗannan na'urori suna da madubi mai juyawa da ke watsa hasken ko'ina, har su zana siffar fili da gine-ginensa a kwamfuta. Ƙurar hunturu mai kauri kan rage musu nisan gani.

Sai dai na'ura ba ta san mai gona ba. Iyakar da aka nuna mata ita za ta auna. Saboda haka ranar awo ka kasance a wurin, tare da maƙwabtan gonarka da mai unguwa ko wakilin dagaci. Kada a tumɓuke turken siminti da aka kafa, kuma kada a matsar da shi don a samu wurin huɗa. Wanda ya zo awo yana neman kuɗi da sunan zai sa ka cikin masu diyya, a nemi shaidar rajistarsa da hukumar masu safiyo ta ƙasa, SURCON, a kuma tuntuɓi sashen filaye na ƙaramar hukuma.

Iyaye kuma su hana yara leƙa bakin na'urar, ko haska wa juna 'yar tocilan mai jan haske a ido, domin hasken lesa yana iya lahanta gani.