Bayan Saki, Wa Zai Ci Da Ita?

Duk wanda ya zauna a Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya san yadda abin ke faruwa. Maigida ya miƙa takarda da hantsi, kafin azahar matar ta ɗaure kayanta, ta nufi gidan iyayenta da goyo. Daga ranar ba ya sake auna mata ko tiya guda ta gero, kuma mutanen unguwa ba su ganin laifinsa. A shari'a kuwa sauran magana.

Tun daga 27 ga Janairun 2000, lokacin da dokokin Shari'a da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar suka fara aiki a Zamfara, hankalin duniya ya koma kan haddi. Amma ƙarar aure da saki ta girmi wannan rana nesa ba kusa ba, kuma alƙalai na yanke ta bisa mazhabar Malikiyya, da littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa.

Idan saki ɗaya ne ko biyu, watau mai kome, matar na nan a hannun mijinta har ta gama idda, tsarki uku ke nan. Ci da sha da tufafi da wurin kwana duk suna wuyansa. Farkon Suratul Ɗalaƙ ma ya hana a fitar da ita daga ɗakinta. Idan saki uku ne, ko hul'i ta yi, tana da wurin zama, ba ta da ciyarwa, sai fa in tana da juna biyu. Sa'an nan zai ci da ita har ta haihu. In ta shayar masa bayan saki irin wannan, tana iya neman lada. Da idda ta ƙare, nauyinta ya sauka daga kansa.

A nan ne ɗalibai kan rikice, don sun karanta dokar aure ta tarayya ta 1970, wadda ta ba babbar kotu ikon yanka wa tsohon miji kuɗin ciyarwa. Wannan doka ta auren rajista ce, ba ta shafi auren da aka ɗaura a masallaci ba. Abin da ya yi kusa da ita shi ne mut'a, kyautar sallama da miji kan ba wadda ya saka, amma Malikiyya sun ɗauke ta mustahabbi, alƙali ba ya tilastawa. Maroko, wadda ita ma Malikiyya ce, ta sa kotu ta riƙa yanka ta a dokar iyali ta 2004. Masar kuwa a 1985 ta ƙayyade ta da ciyarwar shekara biyu aƙalla. A ganinmu malaman Gusau ba su rasa hujjar duba wannan ba.

Batun yara dabam ne. Al'ada ta ce a yaye a kai wa uba. Malikiyya ta ce uwa ce da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri bare, riƙo ya koma ga kakar yaran ta wajen uwa. Ko a hannun wa suke, uba ne zai ciyar, gwargwadon ƙarfinsa da abin da aka saba a gari.

Wuyar ita ce karɓa. Ma'aikaci albashinsa a rubuce yake, amma wa ya san abin da mai sayar da dabbobi ya samu a kasuwar Shinkafi ran Alhamis? Ga kunya, ga kuɗin mota, ga 'yan bindiga da suka tashi ƙauyuka da dama a Zurmi da Shinkafi, maza da yawa suka bazama neman abinci. Matar da mijinta ya yi nisa bai bar mata kome ba, kada ta yi jinkiri: a Malikiyya, in ya dawo ya ce ya aiko, maganarta da rantsuwa ake karɓa, amma daga ranar da ta kai kuka gaban alƙali.