Ciwon Gwiwa A Kasuwannin Damargu: Tsakanin Allurar Lantarki Da Motsa Ƙafa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Bakin Birji, a ƙaramar hukumar Ollelewa da ke kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, ya san yadda la'asar take yi wa iyayenmu mata masu sayar da gero, wake, daddawa da kayan miya. Mace ta wuni a kan 'yar kujerar tsugunno tana awo, idan lokacin tashi ya yi sai ta dafa ƙasa, ta dafa buhu, ta yi salati, kafin ƙafa ta yarda ta miƙe. Ga kuma kayan da za ta ɗora a ka zuwa tasha ko zuwa inda amalanke yake. Da yawa sukan ce sanyi ne, wasu su ce tsufa ne kawai. To amma mun ga ya dace mu tattauna wannan lamari, domin gwiwa ita ce jarin farko na ɗan kasuwa. Ranar da ta ƙi, ranar ciniki ya tsaya.

Abin da likitoci suke kira amosanin gaɓɓai shi ne zaizayewar guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa, wanda aikinsa shi ne hana ƙashi gugar ƙashi. Idan ya ci ya siraɗe, sai gwiwa ta riƙa ciwo wajen tafiya da tsugunno, ta sage da safe na ɗan lokaci da bai cika wuce rabin awa ba, wani lokaci kuma a ji tana ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Ba abin mamaki ba ne idan aka dubi rayuwar macen Damargu: rijiyoyin ƙasar masu zurfi ne, ga dakon ruwa, ga itace, ga noman gero, ga haihuwa, sannan ga kasuwa.

Mun san inda akasari ake fara neman sauƙi. Wajen wanzami a yi ƙaho ko tsaga, ko wajen mai tallar magani a faranti. Nan ne babban haɗarin yake. Ƙwayoyin kashe ciwo irin su diklofenak da ibuprofen, idan aka mayar da su kamar goro, suna cin ciki har ya yi gyambo, suna kuma lalata ƙoda, musamman ga mai hawan jini da wanda ke wuni cikin zafin rana bai sha ruwa sosai ba. Deksametazon kan sa a ji daɗi na 'yan kwanaki, amma yana kumbura fuska, yana tayar da ciwon suga, yana raunana ƙashi. Shi kuwa taramol, ba sai mun gaya wa kowa abin da ya yi wa samarinmu ba.

A ƙasashen da suka ci gaba akwai wata hanya da ake ta magana a kanta, wadda za mu iya kira allurar lantarki mai bugu-bugu. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Menno Sluijter ne ya yi fice wajen ƙirƙiro ta a shekarun 1990. Yadda ake yi shi ne, likita zai duba gwiwa da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ya soka wata siririyar allura kusa da ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga gwiwa zuwa ƙwaƙwalwa, galibi guda uku, sannan ya saki wani irin lantarki ta bakin allurar. Lantarkin ba ya zuwa a jere. Yakan buga sau biyu a cikin daƙiƙa guda, ya huta, ta yadda zafin wurin ba zai wuce digiri 42 ba, wato ɗan sama kaɗan da zafin jikin mai zazzaɓi. Ke nan ba a ƙona jijiyar, ana dai rage mata kaifin kai ƙara ne. Akwai kuma tsohuwar hanyar da ake ɗaga zafin zuwa digiri 70 ko 80 a ƙona jijiyar, wadda wasu likitocin Koriya ta Kudu suka gwada a kan tsofaffi 38 suka wallafa sakamakon a 2011, inda waɗanda aka yi wa na gaske suka fi samun sauƙi har tsawon makonni 12.

Sai dai a lura da kyau. Wannan allura ba ta mayar da guringuntsin da ya tafi. Kamar a rufe bakin mai kuka ne alhali abin da ya sa shi kukan yana nan. Sauƙin na watanni ne, bayan haka ciwon kan dawo a sake. Ita kanta ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka, a shawarwarin da ta fitar na 2019, ta amince da ƙona jijiyar ne bisa sharaɗi, alhali motsa jiki, rage ƙiba da riƙe sanda ta ba su cikakken goyon baya. Aiki ne kuma da ke bukatar ƙwararren likita, na'urar hoto da tsayayyiyar wuta, ba abin da za a yi a rumfar kasuwa ba. Saboda haka duk wanda ya sauke wata na'ura mai ƙyalƙyali ranar kasuwa ya ce zai warkar da gwiwa da lantarki, Hajiya, ki riƙe tunkiyarki, kada ki sayar.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, maganin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne wanda ba a saye da kuɗi mai yawa. A 2020 an wallafa wani gwaji a Amurka a kan mutane 156, inda aka kwatanta masu zuwa wajen likitan motsa gaɓɓai, wanda a Nijar ake ce wa kine, da waɗanda aka yi wa allurar kashe kumburi a cikin gwiwa. Bayan shekara guda, masu motsa ƙafar sun fi samun sauƙin ciwo da iya tafiya. Dalili kuwa a fili yake: naman cinya shi ne ke tallafe da gwiwa, idan ya yi ƙarfi sai ya ɗauke mata wani ɓangare na nauyi. Mai ciwo kuwa yakan daina motsi don tsoro, cinya ta saki, ciwon ya ƙaru.

Mace na iya yin wannan a rumfarta. Ta zauna a kan benci, ta miƙe ƙafa sambal, ta ƙirga goma, ta sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. A gida ta kwanta a tabarma, ta lanƙwasa ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar a miƙe kamar taƙi guda daga ƙasa. Sannan ta riƙa tashi daga kujera mai tsawo tana komawa ba tare da dafa gwiwa ba. Da farko za a ji ɗan tsami, wannan ba laifi ba ne, kuma sai an jure makonni shida zuwa goma sha biyu kafin a ga bambanci na sosai. Mu Hausawa a nan muke faɗuwa. Mun fi yarda da allura guda a kan aikin wata uku.

Sauran kuma gyaran zama ne. A bar kujerar tsugunno a nemi mai tsawo, a ɗaga kayan awo a kan tebur. Buhu guda a raba shi biyu, ko a ba yaro mai baro ladansa. Ga masu jiki, wani bincike na 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Sanda kuwa ba abin kunya ba ce, amma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar da ke ciwo ba, kuskuren da kusan kowa ke yi. Batun salla kuma malamai sun sha bayani cewa wanda ya kasa tsayuwa ko durƙuso yana iya yi a zaune.

Idan gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko ta ƙi ɗaukar mutum gaba ɗaya, wannan ba amosani ba ne na yau da kullum, kuma ba na wanzami ba ne. A garzaya likita, daga nan idan ta kama a tura mutum asibitin Tanut ko babban asibitin Damagaram a ɗauki hoto. Waɗanda guringuntsinsu ya ƙare ƙaf, har ƙafa ta gwame barci ya gagara, su ne ake yi wa maganar tiyatar canjin gwiwa, irin wadda ke kai mutane Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Su ma ɗin, kafin aikin da bayansa, motsa cinyar nan da muka ambata shi ne abin da likita zai fara ɗora su a kai.