Sulhun da ke binne ƙarar yarinya a ƙauyukan Mon

Yau za mu leƙa kudu maso gabashin Myanmar, jihar Mon mai gonakin roba, wadda babban birninta shi ne Mawlamyine. A 2017 ƙungiyar HURFOM, wadda 'yan ƙabilar Mon suka kafa don kare haƙƙin jama'arsu, ta fitar da rahoto kan fyaɗe ga yara a yankin. Abin da ya fi tayar da hankali a ciki shi ne inda maganar take mutuwa. Tana mutuwa ne tun a ƙauye, tun kafin ta ga ƙofar kotu.

Doka kuwa tana nan. Kundin hukunta laifuffukan Myanmar gadon Turawan Ingila ne, wanda suka rubuta wa Indiya a 1860, kuma sashe na 375 da na 376 su ne ke magana kan fyaɗe. Ku lura da wannan: kundin Penal Code na Arewacin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1960, daga na Sudan aka ɗauko shi, na Sudan kuma daga wancan na Indiya. Ashe alƙalin Mawlamyine da na Kano tushen littafinsu ɗaya. A 2019 Myanmar ta ƙara da dokar haƙƙin yara, wadda ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne.

To ina gizo ke saƙa? Iyayen yara da dama a Mon sun tafi ci-rani Tailan, sun bar 'ya'ya a hannun kaka. Idan abu ya faru, kakar nan wurin shugaban ƙauye take fara zuwa. Wanda ake zargi kuwa sau da yawa maƙwabci ne ko ɗan uwa, shugaban ya san shi, ya san ubansa. Sai a shimfiɗa tabarma, dattawa su zauna, a yanka kuɗi, a ce a rufa wa yarinya asiri. An biya, an tashi. Mutumin yana nan a ƙauyen, kan hanyar da yarinyar ke bi zuwa makaranta.

Wani zai ce, ai sulhun nan tausayi ne. Kotu tana da nisa, kowane zama sai an biya kuɗin mota an bar aikin gona, ana ɗage shari'a wata da watanni, kuma da harshen Bama, wato harshen hukuma a Myanmar, ake yin ta, alhali tsohuwar nan Mon kawai take ji sosai. Ga tsoron gori, kada gobe a ce wa yarinya ba mai aurenta. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba zan zargi iyalin da suka karɓi kuɗin ba, talauci ne ya karɓa musu. Amma hujjar ta nuna tsadar kotu ne kawai, ba ta nuna adalcin sulhu ba. A zaman tabarmar nan ba a tambayar yarinya, ba a kai ta asibiti da wuri, kuma kwanakin da aka ɓata ana ciniki su ne kwanakin da shaidar likita ke gushewa. Asirin da aka rufa na mai laifi ne. Wanda ya ga kuɗi sun fisshe shi yau, me zai hana shi gobe?

Wasu kuma kan ce a kai ƙara wurin jam'iyyar NMSP ta 'yan Mon, wadda ta tsagaita wuta da sojojin Myanmar a 1995 kuma take da nata kotunan a yankunan da take iko da su, da harshen Mon. An rage matsalar harshe, haka ne, sai dai hukuma biyu a ƙasa ɗaya na nufin iyali su rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

A ƙarshe, dokar kare mata daga cin zarafi da aka fara tsarawa tun 2013 ba ta wuce majalisa ba har sojoji suka ƙwace mulki ranar 1 ga Fabrairun 2021, kuma tun daga lokacin jama'a da dama suka daina kusantar ofishin 'yan sanda.